Ruma a Ƙarƙashin Daɓe: Nazarin Wani Gida a Karolina ta Arewa, 2021 zuwa 2024

Gidan da wurin da yake

Gidan yana gefen birnin Durham, a jihar Karolina ta Arewa da ke kudu maso gabashin Amurka. An gina shi a 1978. Ba bene ba ne, ɗakunan kwana uku gare shi, faɗin daɓensa kuma kusan murabba'in mita 140. Kamar akasarin gidajen yankin, ƙashin ginin na katako ne, jan bulon da ake gani daga waje lulluɓi ne kawai. Daɓen ma katako ne, kuma bai zauna a kan ƙasa ba. An fara tada gajeren bango na bulon siminti, aka dasa ginshiƙai a tsakiya, aka jera dogayen katakai a kwance a kansu, sannan aka shimfiɗa daɓe. Tsakanin daɓen da ƙasa sai aka bar kogo, wanda tsayinsa a wannan gida bai wuce santimita 70 ba. Ba ya shiguwa sai da rarrafe, ta wata 'yar ƙofa a gefen gida. Ta cikinsa bututun ruwa da wayoyin wuta da manyan bututun iskar iyakwandishan suke bi.

A jikin gajeren bangon akwai 'yan tagogi 12 masu raga. Tsohuwar dokar gini ce ta kawo su: a bar kafar iska murabba'in ƙafa ɗaya ga kowane murabba'in ƙafa 150 na kogon, da tunanin iska za ta riƙa ratsawa tana busar da wurin.

Abu biyu game da yankin suna da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Ana samun ruwan sama kusan milimita 1,170 a shekara, kuma babu rani irin namu da ƙasa za ta bushe ƙayau, kowane wata da rabonsa. Ƙasar kuwa jan yumɓu ce, ba ta shan ruwa da wuri, in ta sha kuma ba ta saki da wuri. Filin gidan gangare ne, daga bayan gida ya sauko zuwa titi, saboda haka ƙasar da ke jingine da bangon baya ta fi ƙasan kogon tudu da kusan santimita 30.

Masu gidan mata da miji ne 'yan asalin Zariya, da 'ya'yansu biyu. Sun saya a Maris 2021, lokacin da kasuwar gidaje ta yi zafin da mai saye ba ya samun sukunin ja-in-ja. Rahoton mai duba gida ya ambaci kogon a layi ɗaya: akwai alamar danshi, a sa masani ya duba. A watan Maris wurin a bushe yake ga ido, don haka maganar ta wuce.

Yuni da Yuli 2021: alamun farko

Wari ne ya fara. Uwargida ta fara jin sa a kabad ɗin ɗakin baya. Aka wanke labule, aka kira masu wankin kafet, aka dage da turaren wuta safe da yamma. Turaren yakan danne warin na awa biyu ko uku, sai ya dawo. Takalman fata da ke ƙasan kabad suka yi fumfuna fari-fari. Ƙofar banɗaki ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. A falo, inda aka yi daɓen da siraran fallayen katakon ado, gefen kowane falle ya ɗago, tsakiyarsa ta lotsa, har mai tafiya ba takalmi yana ji a tafin ƙafa.

"Malam, warin nan fa daga ƙasa yake tasowa," in ji ta wata rana. "Kai hancinka bakin ramin iskar nan ka ji."

A ƙarshen Yuli maigidan ya ɗauki tocila ya shiga. Bututun iyakwandishan suna ta zufa, ruwa na ɗiga daga jikinsu har ya fafe 'yan ramuka a jere a ƙasa. Audugar gilashin da aka cusa tsakanin katakai don tare sanyi ta jiƙe, ta yi nauyi, ta zazzago a wurare da dama. A jikin katakan akwai ɗigo-ɗigon fumfuna baƙi da fari. Ƙasa kuwa tsirara take, in ban da wasu yagaggun guntayen tsohuwar leda.

Hanyar da warin ke bi ya iso hanci ba ɓoyayya ba ce. Iska mai ɗumi a cikin gida sama take yi, ta sulale ta kafofin silin, sai gidan ya zuƙo wata daga ƙasa ta cike gurbi, ta gefen bututu da wayoyin da suka huda daɓe. Bututun iyakwandishan masu yoyo suna ƙara nasu.

Agusta 2021: yunƙuri na farko, a ƙara iska

Maigidan ya kira yayansa a Zariya, wanda ya daɗe yana harkar gini.

"Ƙanena, maganin ruma ai iska ce da rana," in ji shi. "Tunda rana ba ta shiga, buɗe duk wata kafa, ka sa fanka ta yi ta kaɗawa."

"To Yaya, haka za a yi."

Biyar daga cikin tagogin mai gidan na da ya toshe su. Aka buɗe su, aka ɗaura fanka biyu a bangon gabas suna fitar da iska dare da rana, sabuwa na shiga ta sauran tagogin. Bayan mako biyu ɗigar ruwan ba ta ragu ba, ta ma bazu zuwa bututun ruwan sanyi da kawunan ƙusoshi. A nan ne ya sayi ƙaramin ma'aunin danshin iska ya rataye a tsakiyar kogon. Daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, allon bai taɓa nuna ƙasa da kashi 88 cikin 100 ba, wasu ranakun har 95. Zafin wurin yana tsakanin digiri 21 da 23.

Lissafin abin kuwa ga shi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa. A ranar Agusta irin ta yankin, iskar waje mai digiri 30 da danshi kashi 65 tana ɗauke da kusan giram 20 na ruwa a kowace kubik mita. Iska mai digiri 21 kuwa iyakar abin da za ta iya riƙewa giram 18 ne da 'yan kai. Da zarar iskar waje ta shiga kogon ta huce ƙasa da digiri 23, ta cika maƙil, sauran dole ta sauke shi a kan duk abin da ta taɓa. Abin da ke faruwa ke nan da gorar ruwan da aka ciro daga firji aka ajiye a tsakar gida da damina. Bututun iyakwandishan suna ɗauke da iska mai kusan digiri 13, shi ya sa su suka fara zufa. Ƙasan daɓen ma sanyi gare shi, tunda ɗakunan da ke samansa ana sanyaya su.

An kashe fankokin a ƙarshen Satumba. Da sanyi ya shigo, danshin ya sauka da kansa zuwa kashi 60 da ɗoriya, warin ya lafa, daɓen falo ya ɗan kwanta.

Afrilu zuwa Satumba 2022: leda da na'urar ɗaki

Kafin zafi ya dawo, maigidan ya yi karatu a intanet ya sauya dabara. Ya sayo leda marar kauri, irin wadda masu fenti ke shimfiɗawa, ya rufe kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasan kogon. Bai haɗa bakunan da salatif ba, bai ɗaga ta jikin bango ba, kuma kusurwar baya da ta fi wuyar isa ya bar ta a buɗe. Ya cusa soso a tagogin. Ya shigar da na'urar tsotse danshi irin ta ɗaki, mai bokiti, ya ja mata waya.

An samu sauyi. Danshin ya sauko zuwa tsakanin kashi 70 da 76, ɗigar bututu ta ragu sosai. Amma bokitin yakan cika kafin a wayi gari, da ya cika kuma na'urar ta kashe kanta. Duk ranar da aiki ya hana shi rarrafen zubar da ruwa, sai ma'aunin ya koma 85. Sosan da ke tagogi bai rufe ruf ba, ƙofar kogon ma akwai rata a ƙasanta da yatsa ke shiga. Na'urar tana ta fama da iskar unguwa baki ɗaya, kuɗin wuta kuwa ya hau.

A watan Yuli wani kamfani ya aiko wakili, ya leƙa da tocila daga bakin ƙofa, ya kawo takardar farashi ta dala 14,000 don lulluɓe kogon gaba ɗaya da farar leda mai kauri. Bai zagaya bayan gida ba. Kuɗin ya yi wa iyalin yawa, aka jingine maganar.

Ranar 30 ga Satumba 2022 guguwar Ian ta sauka a gaɓar Karolina ta Kudu, ta biyo ta tsakiyar Karolina ta Arewa da ruwa da iska. Washegari aka tarar da ruwa kwance a kan ledar, zurfinsa kusan santimita 7 a kusurwar baya. Na'urar ta sha ruwa ta mutu. Ledar kuma ta zama tarko: ruwan da ke samanta ba ya nutsewa, wanda ke ƙarƙashinta ba ya bushewa. Har bayan mako uku, in an danna ta da gwiwa taɓo ne ke motsi.

Oktoba 2022: awo

Wani maƙwabci ya haɗa su da wani dattijon injiniya mai binciken gine-gine, wanda ake biya kuɗin dubawa kawai, ba ya sayar da komai. Ya ce ba zai zo ba sai ranar da ake ruwa. Da ya zo, ya fi rabin awa a waje da lema kafin ya nemi ƙofar kogon.

Abin da ya nuna wa maigidan a bayan gida bai buƙaci na'ura ba. Magudanar bakin rufi ta cushe da ganye da allurar bishiyar fayin, ruwa na ambaliya ta samanta yana zuba a gindin bango. Indararo biyu na baya kuwa bakinsu a jikin bangon yake, ba su kai ruwan ko'ina ba. Ruwan milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rabin rufin da ke zubowa baya ya kai murabba'in mita 80, don haka ruwan sama na milimita 25 kaɗai yana sauke lita 2,000 a gindin bango guda. Ga kuma na gangaren da ke malalowa daga sama, domin shekaru sun sa ƙasar gefen bangon ta zauna, ta karkato wajen gida.

A ciki ya fito da ma'aunin danshin katako, mai ƙusa biyu da ake cakawa. Ya auna wuri 12. A gaban gida 17 zuwa 18 cikin 100. A baya 22 zuwa 24. A kusurwar da ruwa ya kwanta 29, kuma da ya danna sukudireba a katakon da ke kwance a kan bulo, sai ta shige kusan inci ɗaya ba tare da ya yi ƙarfi ba. Ma'anar lambobin: katako yana bin danshin iskar da ke kewaye da shi. A iska mai kashi 60 yakan tsaya wajen 11, a mai kashi 80 wajen 16, kuma daga nan fumfuna ke samun wurin zama. Ruɓewa sosai sai ya doshi 28 zuwa 30 ya daɗe a haka, shi ya sa masu aikin ke ɗaukar 20 a matsayin iyakar da ba a so a ƙetare.

A jikin bulon baya akwai farin gishiri-gishiri da ruwa ya bari bayan ya ratso. Sai kuma abin da ba wanda ya zata. Can ƙarƙashin ɗakin wanki, bututun da ya kamata ya fitar da tururin injin busar da kaya zuwa waje ya cire daga mahaɗinsa, bakinsa na kallon ƙasa. Ƙurar zaren tufafi ta taru a wurin tsibi guda, jiƙe sharkaf. Kowane wanki yana sakin kusan lita biyu na ruwa, gidan kuma mai yara ne. Babu alamar gara, wanda sa'a ce, domin garar ƙasa ta yankin irin wannan wuri take nema.

Injiniyan ya rubuta matakai a shafi ɗaya, ya kuma nace a kan kada a shimfiɗa sabuwar leda sai an ga ruwan sama mai ƙarfi ya wuce ba tare da ya shigo ba.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: ruwan waje

Bututun injin busar da kaya aka fara gyarawa, aikin awa ɗaya. Aka kwashe tsohuwar ledar. Aka wanke magudanar rufi, aka sa mata raga. Aka haɗa indararon baya da bututu aka binne, aka zagaya da shi ta gefen gida ya fita wajen titi. Aka kawo yumɓu aka cike gindin bangon baya aka daddaɓe, har ƙasa ta karkata daga gida da inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko, kamar yadda dokar gini ta tanada. Sama da nan aka yanka kwari marar zurfi a kan ciyawa, don ruwan gangare ya kewaye gidan.

Ruwan Disamba ya nuna aikin bai isa ba: ba a ƙara samun tafki ba, amma gindin bangon baya na tsattsafowa kwana biyu bayan ruwa ya ɗauke, abin da yumɓun ya riƙe yana saki a hankali. Sai aka haƙa siririn lambatu daga ciki, a bin bangon baya da rabin na gefe, aka kwantar da bututu mai huji-huji, aka rufe da tsakuwa. Lambatun ya ƙare a wani rami mai murfi a kusurwar da ta fi gangare, inda aka sa injin zuƙe ruwa mai tashi da kansa. Leburori biyu suka yi haƙan a kwance, da guntun shebur, suna jan ƙasa waje a cikin roba.

A Fabrairu katakon baya ya sauko zuwa 16, danshin iska wajen kashi 60. Warin ya tafi. Iyalin suka fara tunanin a tsaya haka a adana sauran kuɗin. Injiniyan ya tuna musu cewa bara ma haka lambobin suka yi kyau da sanyi, ba tare da an gyara komai ba.

Maris da Afrilu 2023: rufe kogon

Dokar gidaje ta Karolina ta Arewa ta yarda da kogo rufaffe, da sharuɗɗa. Wannan ya biyo bayan binciken da cibiyar Advanced Energy da ke Raleigh ta fara a 2001 a garin Princeville, wanda ambaliyar guguwar Floyd ta shafe a Satumba 1999. An gina sababbin gidaje 12 iri ɗaya, aka bar huɗu da tagogi a buɗe, aka rufe takwas. Da zafi, masu tagogi suna wuce kashi 80, rufaffun kuwa suka tsaya ƙasa da 60. Abin lura shi ne masu tagogin ma an rufe ƙasansu da leda, bai hana su jiƙewa ba.

An karɓi izinin aiki daga hukumar birni, aka kuma sanar da kamfanin da ke yi wa gidan maganin gara, don kada garantinsu ya warware. Aka kwashe audugar gilashin baki ɗaya. Aka goge fumfunar da buroshi da injin zuƙe ƙura mai matatar kirki, aka fesa wa katakan boret, maganin kare katako daga ruɓa da ƙwari. Uwargida ta so a yi wanka da bilic, aka nuna mata cewa bilic fari kawai yake sa tabon, in danshi na nan fumfuna za ta dawo. Kafinta ya canja mita biyu na ruɓaɓɓen katakon da ke kan bulo, ya kuma liƙa sababbin katakai a gefen guda biyu da bakinsu ya taɓu, ya ɗaure da noti.

Sannan leda. Doka ta nemi mai kaurin mil 6, wato kusan milimita 0.15. An sa mai mil 12 da zare a ciki, saboda masu gyaran famfo da za su yi ta rarrafe a kanta. Kowace mahaɗa an ɗora inci 12 aka liƙe da salatif na musamman. Aka naɗe ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaga ledar jikin bango aka kafe ta. A sama an bar tsirin bulo inci 3 a fili, tsakanin bakin leda da katako. Wannan ratar doka ce, don mai duba gara ya ga hanyar lakar da take ginawa in ta fara hawa. Aka toshe tagogi da allon soso mai tauri aka bi gefensu da kumfa, aka liƙa irin allon a bango, aka toshe duk hujin da bututu ko waya ta bi ta daɓe, aka shafe mahaɗar bututun iyakwandishan da gam, aka yi sabuwar ƙofa mai roba a gefe.

Na ƙarshe ita ce na'urar tsotse danshi wadda aka ƙera don irin wannan wuri. Ba ta da bokiti, tiyo gare ta da ke zubawa kai-tsaye a ramin injin zuƙe ruwa. An ɗora ta a kan bulo, aka saita ta a kashi 55. Aka rataye sabon ma'auni mai aika lamba zuwa waya.

An duba abu biyu na lafiya. Gidan duk da lantarki yake aiki, babu tukunyar ruwan zafi ko murhun ɗumama gida mai ƙona gas a kogon. Da akwai, toshe iska zai iya jawo hayaƙi mai kisa cikin ɗakuna. An kuma gwada radon, wata iska marar wari mai cutar da huhu da ke tasowa daga ƙasa, kafin rufewa da bayanta. Duka gwajin biyu sun fito ƙasa da 4 a ma'aunin radon, iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce in an kai ta a ɗauki mataki.

Aikin waje da lambatu da injin ya ci kusan dala 4,500. Na ciki, har da kafinta da na'ura, kusan 7,000, domin maigidan da kansa ya kwashe audugar ya yi gugar fumfuna.

Mayu 2023 zuwa Agusta 2024: abin da ma'auni ya nuna

Makonni uku na farko na'urar ba ta huta ba, tana janye ruwan da katako da bulo suka sha. Danshin iska ya sauka daga 68 zuwa 55 ya zauna. Katakon baya ya nuna 15 a Yuni, 13 a Satumba. A Agusta, lokacin da shekaru biyu baya bututu ke ɗiga, jikinsu a bushe yake.

An yi tangarɗa biyu. A tsakiyar Yuli wayar ta nuna 72. Tsawa ce ta sa soket mai kariya ya katse wuta, na'urar ta kwana huɗu a kashe. Danna maɓalli ɗaya ya gyara, daga nan aka kunna ƙararrawar ma'aunin a kashi 65. Ta biyu da sanyi ta zo. Maigidan ya ga abin na aiki, sai ya mayar da saitin 45, gani yake ƙarin bushewa ƙarin lafiya ne. A Janairu 2024 fallayen falo suka tsuke, rata ta buɗe tsakaninsu har bakin kati na shiga. Aka mayar 55, ratar ta haɗe da bazara.

Daɓen falon ba a goge shi da inji ba, ko da yake wani mai aikin daɓe ya ba da shawarar haka tun 2021. An bar shi ya kwanta da kansa, ya ɗauki kusan wata tara. Da an goge tun yana lanƙwashe, da bayan bushewa tsakiyar fallayen ce za ta tashi.

Ranar 8 ga Agusta 2024 ragowar guguwar Debby ta zuba ruwa mai yawa a tsakiyar jihar. Injin zuƙe ruwa ya yi ta tashi yana kwanciya yini guda da kwana. Saman ledar ko ɗigo babu, ma'auni bai wuce 58 ba, katakon kusurwar baya ya nuna 12.

Hukunci

Ruwa ta hanya huɗu yake shiga wannan kogo: na rufi da gangare ta bangon baya, tururin da ke tashi daga ƙasa tsirara, wanda iskar zafi ke shigowa da shi ta tagogi, da na injin busar da kaya. Shekara ɗaya da rabi ta tafi ne saboda an fara magani ba a ƙirga hanyoyin ba.

Shawarar yayan ba ta banza ba ce. A Zariya da hunturu, iskar waje ta fi ta kowane ɗaki bushewa, buɗe taga kuwa magani ne. A Durham ma tana aiki daga Nuwamba zuwa Maris. Daga Yuni zuwa Satumba ne take juyewa, kuma lokacin ne fumfuna ke girma. Fankokin sun ƙara ɓarna, ba kaɗan ba, amma da ma'aunin dala 15 ya riga su shiga da an gane haka cikin kwana uku.

Yunƙuri na biyu ya kama hanya, sai dai rabi-rabi ne, kuma ya tsallake matakin farko. A ganina tayin dala 14,000 ɗin ma da wannan ciwon zai ƙare: leda mai tsada a kan ƙasar da ruwan indararo ke malalowa, aiki mai kyan hoto wanda guguwar Ian za ta gwada bayan wata biyu. Jimillar abin da aka kashe daga baya ba ta yi nisa da wannan farashi ba. Bambancin shi ne kusan kashi 40 cikin 100 nasa ya tafi ne wajen hana ruwa isowa, abin da takardar kamfanin ba ta ambata ba ko a layi ɗaya.

Ba duk abin da aka yi ne ya zama dole ba. Allon soso na bango don rage kuɗin ɗumama gida ne, ba don danshi ba. A Princeville an ga ragin wutar sanyaya da ɗumama gida na kashi 15 zuwa 18 cikin 100, amma wannan iyali ba su ga kwatankwacin haka a takardar wuta ba, domin na'urar tsotse danshi na cin nata da zafi. Lambatun ciki kuwa ƙasar wurin ce ta tilasta shi. A fili mai yashi, ko inda ƙasan kogo ya fi na waje tudu, gyaran indararo da gangare kan wadatar. Gidan da ke yankin ambaliya kuma ba a rufe shi haka, doka na neman a bar masa kafofin da ruwa zai shiga ya fita don kada ya ture bango.

Rauni ɗaya ya rage. Bushewar kogon yanzu ta dogara ne da injuna biyu masu cin lantarki, guguwar da ke kawo ruwa kuwa ita ce ke ɗauke wuta. Ranar Debby unguwar ta yi sa'a. A Oktoba 2024 aka sa wa injin zuƙe ruwan batirin ko-ta-kwana. Ana wanke matatar na'urar sau biyu a shekara, a share magudanar rufi bayan zubar ganye, mai duba gara kuma yana zuwa kowane Afrilu ya bi tsirin bulon nan da tocila. Ƙofar banɗakin ba ta dawo daidai ba, sai da kafinta ya fere ta.